Gidan Gwaggo Lami Mai Man Kaɗe

Wata ranar Laraba ce a farkon damina, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, mahaifiyata ta shigo da ni Kontagora a ƙafa daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Rijau. Ruwa ya yi mana duka a hanya, 'yar rigata ta manne mini a jiki. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, dagaci kuma ya sa ni cikin yaran da za a kai makarantar elementare, domin a wancan zamani 'ya'yan marasa gata ake turawa. Makaranta dai ba ta da wurin kwana, ba ta ba da abinci, mu kuwa ba mu san kowa a gari ba. Muna rakuɓe a wata rumfa a bakin kasuwa sai wata tsohuwa mai sayar da man kaɗe ta dube mu, ta tambayi mahaifiyata abin da ya kawo mu. Da ta ji, sai ta ce, "Bar mini shi, 'yar nan. Tukunyata ba ta san baƙo ba."

Sunanta Lami, kowa Gwaggo yake ce mata. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma na tarar da gidanta cike da yaran ƙauye irina, Kambari da Dukawa da Hausawa, muna kwana a ɗaki ɗaya, kowa da irin karyewar harshensa. Da man kaɗen nan take ciyar da mu. Kafin mu tafi makaranta sai ta ɗumama mana tuwon dawa, ta duba ko kowa ya wanke ƙafa ya ɗauki siletinsa na rubutu. In mun taso mu yi langa a ƙofar gida, sannan mu ɗebo ruwa, mu taya ta fasa ƙwarar kaɗanya da dakanta. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma takan zaunar da mu ta ce, "Ku faɗa mini abin da Malam ya ce yau." Bawa ne ke fara amsawa, wani ɗan Kambari siriri da ya fi mu duka ƙwaƙwalwa. Shi ya koya mini lissafi da tsinke a kan ƙasa.

Muna aji uku idonta ya fara dishi-dishi, irin ciwon da ke kama mutanen da suka tashi a bakin rafi. Ta daina zuwa jeji tsintar kaɗanya, ta ƙona hannu a tukunyar mai, tuwo ya ragu. Ga shi daminar ba ta yi kyau ba. Sai daga baya muka gane ta daɗe tana ce mana ta ƙoshi alhali ba ta ci ba.

Wata safiya ta ce in ja mata sanda. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, ta bi unguwa gida-gida tana sallama. A gidan Audu mahauci ta dafa kaina ta ce, "Malam Audu, ba don ni ba. Ka ba shi wurin kwana da abin da ya rage a kwano, kada ya bar karatu." Sai ya ce, "To, Gwaggo, ya zauna." Haka ta rarraba mu. Amma shekara ce ta yunwa, gidajen da za su iya sun ƙare kafin a zo kan Bawa. Ta kai shi wajen malaminmu, shi ma gidansa ya cika. Ranar da kawunsa ya zo tafiya da shi, ta shafa fuskarsa da hannu biyu tana kuka, tana cewa, "Ka yafe mini, Bawa, ƙarfina ya ƙare." Ban sake ganinsa ba. An ce noma ya yi har ya rasu.

Kafin kaka danginta suka zo suka tafi da ita Zugurma. Ina makarantar midil labarin rasuwarta ya iso ni, bayan ta yi watanni a kabari.

Yau makarantu sun cika Kontagora, gidaje sun yi katanga da ƙofar ƙarfe, masu hali sun fi na da yawa nesa ba kusa ba. Amma har yanzu nakan ga yaro mai basira ya koma ƙauye don babu inda zai ci tuwon dare. Na yi shekaru ina koyarwa, yara da dama sun zauna a gidana, sai dai ni daga abin da ya yi saura nake bayarwa. Ita kuwa nata cin ta ba mu.