Takardar da na ɗora bisa akwati

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sakatare a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai kula da lafiyar bisashe a Dakwaro, kuma ni mutum ne mai son a ce ban taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Wannan son yabo shi ya ja mini abin da zan faɗa.

Wata safiya wani baƙo ya shigo, dogo, mai sanyin magana. Yaƙi ne ya koro shi daga Sudan, inda ya yi karatun likitan dabbobi. A nan kuwa igiyar shanu yake riƙe wa dillalai ranar kasuwa. Muna neman likita na rigakafi a karkarar Rumbu, amma sai hukuma a Yamai ta tantance diplom ɗinsa, takardar shaidar karatunsa, ta yarda da shi. Ya miƙo mini dosiyen takardunsa da hannu biyu, da asalin takardar a ciki, don in kai a yi kwafi a buga kashe, wato hatimi.

Dosiyoyinmu a ƙasa muke jibge su, kowa na tsallakewa. Da na buɗe nasa sai na ga diplom ɗin da Larabci, da Bismillah a samansa. Ɗan karatun allon da na yi ya isa in gane ta. Wa zai ajiye sunan Allah inda takalmi ke bi? Na zare takardar, na ɗora bisa dogon akwatin ƙarfe, ina jin na yi aikin lada. Washegari mota ta kwashi dosiyoyi zuwa Yamai, na manta sarai.

Bayan wata biyu dosiyen ya dawo, an rubuta da jan alƙalami cewa babu diplom. Ko ɗaga kai ban yi ba na san inda yake. Da baƙon ya zo jin labari, da murmushinsa, sai bakina ya riga hankalina.

"Malam, sai haƙuri. Yamai sun ce ba su san lakwal ɗin da ka yi karatu ba."

"To takardata fa?"

"Tana can wurinsu. Ka san halin manya."

Ya yi mini godiya ya fita, takardarsa na can bisa akwatin, taku biyu daga ƙofa. Aka ba wani aikin. Duk ranar kasuwa sai in canza hanya, don kada in gan shi yana duba haƙoran raƙumi ga makiyayan da ke ce masa lokotoro, wato likita, cikin raha. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta hana mutum aikinsa, ni kuma tuwo ya daina yi mini daɗi.

Bayan damina na ji zai bar gari. Na sauko da takardar, na share ƙura da hannun riga, na same shi a tasha.

"Ga ta, yanzu anka maido ta," na ce.

Ya duba gaba da baya, ko lanƙwasa babu. Idanunsa suka ciko, ya kama hannuna ya riƙe.

"Tun da na baro gida, ba wanda ya wahala a kaina kamarka. Allah shi saka maka da irin abin da ka yi mini."

Mutane na kallonmu, suna jiran amsata. Na ce amin.