Mafara da takardar likita a aljihu

Muna idar da sallar asuba muka bar Maradun, ni da ƙanena. Ba kasuwa ta kai ni Mafara ba, ko da yake Talata ce, ranar kasuwar garin. Ciwon daji aka gano min a wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara. An ɗauki hoton ƙashina a Sakkwato, zan je likita ya karanta min ko ciwon ya yaɗu.

Kuɗin mota ya tashi, hanya kuwa tana nan da ramukanta. Sau uku na tsayar da direba don fitsari. A na ukun ya ce, "Baba, randa ka sha?" Muka yi dariya. Shinkafar Bakalori ta yi kyau bana, kore shar har iyakar gani. A tasha muka karya da hoce da shayi. Wani mutumin Bakura mai kai tumatir ya cika mu da labari, ban riƙe ko ɗaya ba.

Likitan yaro ne, amma yana da haƙuri. Ya ce jiki ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da umarnin riƙe maƙwabciyarta rubuce a cikinta. Ciwon nan yakan rufe umarnin, sai ƙwaya ta saki, ta bi jini ta sauka a ƙashi. Ya maimaita sau biyu, yana kallona.

Na ce, "Likita, shekara arba'in ina gini. Wannan ai ƙasar gini ce da ba a sa mata ramno ba. In ba ciyawar nan a kwaɓi, ruwan farko zai ɗebe katanga."

Ya ajiye biro. "Wallahi Baba, ka fi ni faɗi."

"To nawa ramnon fa?"

"Har yanzu yana riƙe. Bai kai ƙashi ba. Amma kada ka yi wasa da magani."

Ƙanena ya fita waje yana share ido. Ni yunwa na ji. Na ci tsire tsinke biyar a bakin kasuwa.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koya guda ne: shekara biyu na ɓoye wahalar fitsari don kunya, kunya kuwa ba ta warkar da kowa. Na faɗa a majalisarmu, ba kwana-kwana. Tsofaffi kowa yana kallon ƙasa.

Talata mai zuwa mu huɗu za mu shiga motar, ni da tsofaffi uku na majalisar, su ma likita ya duba su. Direba ya shirya tsayawa.