Ragon Kawu a Gefen Wuta

Kawuna ya cika baki a duk faɗin Bodinga cewa cinyar ragon layyarsa ta baban yarinyar da yake nema a Lambara ce. Wai idan tsohon ya ga cinyar, ba zai ƙara cewa Kawu bai isa riƙe gida ba.

Daga nan ragon ya shiga uku. Kawu ya ɗaure shi da igiyar da ba ta kai hannuna tsawo ba, wai tafiya tana cinye jiki. Harawa kuwa, in ji shi, abincin talakawan tumaki ce. Sai dusa da ƙanzon tuwo, a kwarara musu ragowar man da Inna ta soya ƙosai da shi. Ragon ya kumbura, har idan zai kwanta sai ya yi shawara da ƙafafunsa.

Na ce, "Kawu, malamin aikin gona ya ce ko alade aka ɗura wa mai aka hana shi motsi, kitse mai ruwa-ruwa yake tarawa, ba tsoka ba."

Ya ajiye kwano. "Ke ɗiyar ga, ragon layyata kika haɗa da alade? Abin da ake koya muku ke nan? Tashi ki ba ni wuri."

Ranar sallah aka feɗe shi, aka banƙare a jikin sanda, aka kafa gefen wuta tare da ragunan maƙwabta. Nasu suna yin ja a hankali. Na Kawu kuka ya kama yi. Kitse na tsiyaya, wuta na tsalle, yara na tara kwanoni. Kafin magariba ya koma kamar ɗan akuyan da ya tashi daga jinya.

Inna ta ɗaga cinyar da yatsu biyu ta dubi ƙanenta. "Wagga za ka kai wa surukai? Kai musu man, ya fi auki."

Washegari ya naɗe ta a takarda, ninki kan ninki, har ta yi girman matashin kai, ya ɗaure bayan babur.

Da ya dawo bai kula kowa ba. Daga bakin abokinsa da ya raka shi muka ji labari. Tsohon ya daɗe yana warware takarda, ya duba, ya sa albarka, sannan ya tambayi Kawu inda ake samun zabo mai kofato. Maganar aure kuma ya ce a bari sai bayan kaka.