Safar da Ta Mayar da Sammani Gona

Ni tela ne, na yi shekara talatin ina taka keke a kasuwar Kura, kuma ba na son a nuna mini ɗinki. Amma wallahi ɗinkin da ya fi ba ni mamaki a rayuwata ba a shago aka yi shi ba. Yayata Zuliha ce ta yi shi a tsakar gidanta, da wani tsohon keken hannu wanda ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba.

Ita ta goya ni. Ba ta koyi ɗinki wurin kowa ba. Tun da ta tare gidan mijinta Sammani, a wani ƙauye kusa da Bunkure, aikinta rigunan yara ne da facin zannuwan maƙwabta. Ba ta da surutu. In ta ƙura wa abu ido, sai ka kira ta sau uku kafin ta ji.

A 1984 tarakta ta taka ƙafar Sammani a gona. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa a wani asibiti a Kano, daga baya aka ba shi ƙafar roba da safa biyu masu laushi da zai riƙa sa wa dungulmin. Wata biyu safar ta mutu, aka nema aka rasa. Ba safa kuwa ba tafiya, domin robar tana cin fata. Ga noman rani ya matso. Dangi suka zauna suka ce in ranar sakin ruwa zuwa gonaki ta zo bai iya takawa ba, a ba ƙaninsa Uba gonar ya riƙe. Kowa ya san gonar bakin ruwa in ta tafi ba ta cika dawowa ba, kuma da ita yake ciyar da mutum tara.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na sayi singileti sabuwa, na yanka, na zuba mata ɗinki. Yadin nan mai miƙewa ya ci mini mutunci. Ɗinkin ya nannaɗe kamar hanjin kaza, da aka ja sai zaren ya tsinke tas-tas. Haushi ya sa na bi shi layi uku. Ya riƙe kam, amma ya yi tauri, kuma a daidai kan tabon ya zauna. Sammani ya sa ya je masallaci, ya dawo safa jage-jage da jini. Mako biyu yana kwance, kuma ni na ja masa. Kunya ta hana ni zuwa gidan.

Da na daure na je, na tarar da Yaya a kan tabarma da tsofaffin singileti da rigunan gwanjo. Tana ja, tana saki, tana kallo.

"Yaya, bar wahalar da kanki, wannan yadin sai keken kamfani," in ji ni.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Iliyasu, ja nan." Na ja a kwance, yadin ya miƙe sosai. "To ja nan." Na ja a tsaye, da ƙyar ya motsa. Sai ta juya kafaɗar wata rigar gwanjo, ta nuna mini wani siririn ƙyalle da aka haɗa a cikin ɗinkin. Ta ce, "Shi ke riƙe ta. Kai ba ka taɓa gani ba?"

Sau nawa irin rigar ta bi ta hannuna, ban taɓa juya ta ba.

A gabana ta yi aikin. Ta ninke yadin yadda ƙasan safar ba ɗinki ko ɗaya, sai a gefe biyu, nesa da tabon. Ta yanko gefen atamfa, wurin nan da ake rubuta sunan kamfani, wanda ba ya miƙewa, ta shimfiɗa shi a kan layin ɗinkin. A ƙasa ta sa takardar buhun siminti don kada haƙoran keke su tauna yadin, tana gamawa ta yage ta. Bakin safar, inda dole ya buɗe, ta bi shi da hannu a karkace, tana ɗan jan yadin kafin kowace suka. Ta bar ɗinkin ta waje, santsin ta ciki.

Abin da ya ƙarasa kashe mini baki shi ne guda biyu ta ɗinka, ɗaya ta ɗan fi faɗi. Ashe kwana goma ta yi tana auna dungulmin da zare, safe da yamma, har ta gane yana kumbura bayan azahar. Na riƙe safar ina juyawa. Tsoron Allah ya kama ni, ganin inda ya ajiye irin wannan basira.

Ranar sakin ruwa na raka Sammani. Uba ya riga mu zuwa da fartanyarsa, yana tsaye bakin magudana. Sammani ya bi kan kunya a hankali, ba sanda, ya sunkuya ya buɗe wa gonarsa ruwa da hannunsa. Uba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Yaya," ya saɓa fartanya ya tafi. Da azahar Sammani ya zauna gindin mangwaro ya cire safar farko ya sa ta biyun, ya koma cikin ruwa.

Yaya Zuliha tana kulle, ba ta taɓa ganin gonar nan da idonta ba. Muna shiga gida da la'asar ba ta tambayi labarin Uba ba, ba ta tambayi labarin ruwa ba. Ta durƙusa ta cire wa mijinta ƙafar, ta zare safar, ta juya cikinta ta ɗaga a rana. Gumi ne kawai da jar ƙasa, babu ɗigon jini.

Sannan ta dube ni. "Iliyasu, yaya tafiyar tasa a kan kunya? Gwada mini."

Na miƙe, ƙato da ni, na yi ta ɗingisawa daga bakin rijiya zuwa zaure. Ta ce in sake. Na sake. Tana dariya, hawaye na zuba a kan safar da ke hannunta, ta ce in ƙara sau ɗaya.