Zuliha Mai Zogale da Takardar Haƙuri

A Sabon Gari ta Maraɗi, idan baƙo ya nemi gidan Zuliha mai zogale, ba a raka shi. Cewa ake yi ya tsaya bakin titi ya kasa kunne, inda ya ji murya tana tashi ya bi ta. Ba a taɓa jin wanda ya ɓata ba.

A Tsibiri aka haife ta, ɗiyar manomin hatsi, ta biyar cikin yara tara. Ta yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin a roƙi mahaifinta ya zo ya ɗauke ta, saboda yawan gyara wa malami magana. Da ta girma ta auri Talle, mutumin Jiratawa. Ita ta zaɓe shi, kuma ana cewa ita ta sanar da shi. Suka tare a Maraɗi, inda ya sami aikin gadi a wani sito na hatsi. Talle mutum ne da za ka zauna da shi daga azahar zuwa la'asar, duk abin da za ka samu bai wuce "to" biyu da "Allah shi kyauta" ɗaya ba.

Sana'arta kuwa ba a kushe ta. Sau uku a mako take zuwa lambunan Jiratawa ta cika buhuna da zogale, ta kawo ta dafa wani, ta shanya wani. Ba tsakuwa a kayanta, ba itace, kuma tiyarta cike take har da tozo. Abin da mai saye zai jure kawai shi ne bayani. In ka ce a rage maka, sai ka ji tarihin zogalen tun daga iri, ka ji na gidanku a kai. Ƴan kabu-kabu da ke tashar Jiratawa, da sun hango ta da buhuna, sai kowa ya duƙa yana duba sarƙar babur ɗinsa.

Tana da shekara hamsin da biyu wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo wa ƙungiyarsu ta mata masu zogale, mata arba'in daga Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa. An yi musu alkawarin na'urar shanya ganye mai aiki da hasken rana. Amma kafin nan sai sun yi horo na kwana uku, domin a cewar masu furojen, matan da suka shekara ashirin suna kasuwa ɗaya ba su san juna ba tukuna.

Wanda aka turo daga Yamai ya gabatar da su ga junansu shi ne Mushe Abdulmutallib (Mushe shi ne Malam a faransance), mai tabarau da kwamfutar da yake kira ordinata, da Hausar da ta sha faransanci ta ƙoshi. A rana ta biyu ya bayyana musu cewa masana sun gama bincike, ƴan Adam duk launi huɗu ne. Ja shi ne mai zafi mai son shugabanci. Rawaya mai surutu da raha. Shuɗi mai tsari. Tsanwa kuma mai haƙuri ne, mai sauraro, wanda ba ya son tashin hankali. Tambaya arba'in za a amsa, na'ura ta faɗa wa mutum ko shi wane ne.

"To, Allah da ya yi mu bai gaya muna ba, sai wannan akwati," in ji wata tsohuwa daga baya. Mushe ya yi murmushin wanda ya saba da jahilci.

Da yake tambayoyin da faransanci suke, aka ce kowace ta sami mai karanta mata. Zuliha ta zo da autarta Samira, wadda ke karatun aikin jinya. Suka koma gefe a kan tabarma, Samira ta fara.

"Inna, an ce, kina katse mutane idan suna..."

"Ban taɓa ba. Rubuta."

"An ce kina saurin fushi?"

"Wa ya ce?" Zuliha ta juya tana bin ɗakin da ido. "Salima ce ko? Na san ita ce!"

"Inna, takarda ce ke tambaya. Kowa an yi masa."

"To takardar ba ta da tarbiyya. Rubuta a'a."

Haka suka bi ta har ƙasa. Tana son sulhu fiye da cin nasara a gardama? Ƙwarai kuwa, wace musulma ce za ta ce a'a? Tana yafewa da wuri? Nan take. Tana barin wasu su yanke shawara? Kullum, in dai sun yanke daidai. Samira ta ce babu gurbin "in dai" a takardar, sai uwar ta ce to ta rubuta kullum. Ba ƙarya Zuliha take yi ba, a ganinta. An tambaye ta halin mutumin kirki, ta kuwa san shi sarai, ta sha koya wa mutane shi da ƙarfi.

Da la'asar Mushe ya fara kiran suna yana faɗin launi. Da ya zo kanta ya gyara tabarau, ya ce, "Madam Zuliha, tsanwa. Maki talatin da takwas cikin arba'in. Ban taɓa ganin mai haƙuri irin wannan ba tun da na fara aikin nan."

Ɗakin ya fashe da dariya. Salima, wata mai lambu daga Jiratawa da suka shekara goma ba sa ga maciji da Zuliha, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Zuliha ta miƙe ta yi musu bayanin haƙurinta na kusan rabin awa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da kowace ta taɓa yi mata ta ƙyale. Mushe ya tsaya da baki buɗe. Da ta zauna sai ya ce, wani lokaci tsanwa yakan nuna alamun ja idan an matsa masa, wannan ma yana cikin littafin. Duk abin da mutum zai yi yana cikin littafin.

Washegari ta kai takardar sakamakon da aka ba ta, aka rufe mata ita da leda mai kauri. Ta sa ta cikin jakar da take ratayawa. Daga ranar, duk wanda ya ja da ita a kasuwa sai ta zaro ta ta kai masa har hanci.

"Karanta! Ka iya faransanci? Na'ura ce ta auna ni. Da ba ni da haƙuri da yanzu kana kwance gaban likita."

A ranar rufe horo Mushe ya raba muƙamai bisa launi, kamar yadda kimiyya ta tanada. Shuɗi ta riƙe rubutu, rawaya ta riƙe talla. Sasanta rigima kuwa aikin tsanwa ne, kuma ba a da tsanwa kamar Zuliha. Matan suka amince baki ɗaya, don kowace tana son ta ga yadda za a ƙare.

Abu ɗaya ya rage mata. Tana so a auna Talle, a tabbatar a rubuce cewa haƙurin da ake yaba masa a unguwa bai kai nata ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta sa Samira ta buɗo tambayoyin a salula. Talle yana zaune gindin darbejiya yana gyaran igiyar guga.

"Baba, an ce kana yawan jin haushi?"

"Kowace rana," in ji shi, bai ɗago kai ba.

Samira ta dubi uwarta, ta ci gaba. "Kana ganin mutane suna yin abu ba daidai ba, kana jin da kai ne da ka fi su?"

"Kullum."

"Kana son a bi maganarka?"

"Ina so."

"Idan aka katse ka kana magana..."

"Malam ba ya damuwa da wannan," in ji Zuliha.

"Ina damuwa," in ji Talle.

Ya fito ja, jan da ko Mushe bai taɓa gani ba. Zuliha ta karɓi salular ta jujjuya ta, ta ce wannan ƙaramar na'ura ce, ba ta kai ta Yamai ba. Amma muryarta ba ta kai inda ta saba kaiwa ba.

"Malam, shekara talatin da ɗaya kana jin haushi, ba ka taɓa faɗi ba?"

Ya ƙulla igiyarsa, ya ja ya ga ta kamu. "Yaushe kika yi shiru na faɗi?"

Ranar tuwo ya yi gishiri biyu.

Bayan wata guda na'urar shanya ta iso, rigima ta iso tare da ita. Matan Jiratawa suka ce a wurinsu za a kafa ta, tunda su ke da ganyen. Matan Tsibiri suka ce su ke da fili kyauta, kuma an daɗe ana raina su. Aka sa ranar zama a Jiratawa, ƙarƙashin mangwaron lambun Salima, aka kira mai sasantawa.

Zuliha ta zo da niyya. Maganar Talle ta tsaya mata a rai, kuma ta ƙudura yau za ta nuna wa duniya abin da ke cikin ledar nan. Ta yi sallama a hankali, ta zauna, ta harɗe hannuwa. Salima ta yi magana, ba ta katse ta ba. Tahira, shugabar matan Tsibiri, ta mayar da martani, nan ma ba ta ce uffan ba. Da aka juyo gare ta sai ta ce, cikin wata siririyar murya da ba a san tana da ita ba, "Mu yi haƙuri da juna, ƴan uwa."

Hankalin kowa ya tashi. Wata ta kawo mata ruwa. Wata ta taɓa goshinta. Tahira ta raɗa wa ta kusa da ita cewa haka kakarta ta yi kwana biyu kafin ta cika. Da dai aka ga tana numfashi daidai, sai aka koma faɗa, kuma tunda ba mai tsawatarwa, faɗan ya yi nisa. Aka tono zancen wani biki da ba a gayyaci wasu ba, aka tono na wata tukunya da ba ta dawo ba. Zuliha tana zaune, gumi yana bin wuyanta, haƙoranta a cije. Ta jure awa ɗaya da ƴan mintoci. Samira, wadda ta rako ta, ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana shan wahala irin wannan ba, ita da take kwana cikin marasa lafiya.

Sai Salima ta ce ai zogalen da ake sayarwa a Maraɗi ma rabinsa itace ne.

Tsuntsayen da ke kan mangwaron suka watse. Zuliha ta fara da Salima, ta bi ta kan Tahira, ta haɗa da Jiratawa da Tsibiri da duk wanda ya taɓa shan ruwansu. Ta ce su duka ba su cancanci na'ura ba, ko faranti ba su cancanta ba, gobe za ta sa a ɗora ta a amalanke a kai tsakar gidanta a Sabon Gari, duk mai son shanya ta zo ta yi layi ta gaishe ta.

Wannan ya warware matsalar. Tunanin yin layi a gidan Zuliha sau uku a mako ya haɗa kan matan cikin minti biyar. Tahira da kanta ta ce a kafa ta a Jiratawa, kusa da ganyen, matan Tsibiri su riƙe makulli kuma su sami ranakun Litinin da Alhamis. Salima ta ce ta yarda, har ta ƙara musu Asabar. Aka yi fatiha da sauri kafin mai sasantawa ta sake numfashi.

Mushe Abdulmutallib bai halarci zaman ba, amma ya sami labari cewa an daidaita a zama ɗaya. Ya rubuta a rahotonsa cewa wannan hujja ce a kan amfanin sa tsanwa a aikin sulhu. An ce har yanzu yana ba da misali da ita a wasu garuruwa, da hotonta a bango, tana murmushi.

Ita kuwa ta koma gida da murya a dushe. Ta tarar da Talle yana shirin tafiya sito. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ce tunda yau ba ta da muryar katse kowa, ya faɗi abin da ke ransa, tana ji.

Ya ajiye sandarsa. Ya fara da akuyar da ta sayar a shekarar farko ta aurensu ba ta tambaye shi ba, ja mai farin goshi. Ya wuce zuwa ranar da ta yi wa ƙanen mahaifinsa gyara a gaban mutane. Yana cikin na uku, zancen wata rigar sallah da ta zaɓa masa, muryarta ta dawo, ta ce rigar ta fi ƙarfinsa ne shi ya sa bai so ta ba. Ya ɗauki sandarsa, ya ce ba komai, za su ci gaba ranar Juma'a.

Sun ci gaba kuwa. Kowace Juma'a yana samun abu biyu, wani lokaci uku, kafin ta karɓe. Ba ya tsallake komai, ba ya kuma rikita shekaru. Zuwa girbin bana ya kai shekara ta shida da aurensu.