Tsagaggen Tulu da Motar Surukina

Lokacin da muke yara a ƙauyenmu kusa da Ɗan Barto, in an gama girbin gero sanyi ya shigo, kakata Hajjo takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. Wutar kara ba ta daɗewa, don haka kowa da ɗan damin da yake kawowa. Ni maigidanta take kirana, ta ce ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko goro ban taɓa kawo mata ba. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce, "To, ga ta nan ta iso bakin zaure." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Akwai tatsuniya ɗaya da take damuna. Wani mutum ne yake ɗebo wa sarki ruwa a tulun da sarkin ya gada, wanda yake ji da shi ƙwarai. Wata rana a bakin rijiya ya ga gindin tulun ya tsage, ruwa na tsiyaya. Sai ya toshe tsagar da babban yatsansa. Da ya isa fada aka ce ya sauke, ya ce, "Ranka ya daɗe, na fi so in riƙe." Sarki ya ji daɗi, ya ce ga mai ƙaunar tuluna. Daga ranar, a kafaɗarsa ake ɗibar ruwa. A tsaye yake ci, a tsaye yake gyangyaɗi. Matarsa ta haihu, bai samu hannun ɗaukar jaririn ba.

A nan Kaka take yin shiru. Na ce, "To yaya ta ƙare?"

Ta ce, "Wa ya ce maka ta ƙare? Yana can tsaye. In ka je birni ka gaishe shi, amma kada ka miƙa masa hannu."

Sauran yara suka yi dariya. Ni na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"Je ka tambaye shi, maigida. Ni gyaɗata ta ƙone."

Na girma, na koma Matameye, na auri Rabi, ubanta Alhaji ya ba ni tuƙin motarsa ta haya zuwa Damagaram. Wata safiya wata ƙaramar fitila mai launin lemo ta kama a tablo, allon da ke gaban direba, injin kuma ya fara rawa duk sa'ad da mota ta tsaya. In na ɗaga ƙafa daga totur, sai ta yi tari ta mutu. Alhaji ya ga fitilar, ya ɗauko 'yar takarda mai addu'a ya manna a kanta, ya ce, "Motar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Direban baya ma ya yi ta ƙorafi, ashe hannunsa ne ba kyau."

Wanda ya san surukuta ya san inda na tsaya. Mutumin da nake cire takalmi in durƙusa kafin in gaishe shi, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yaya zan ce masa maganarsa ba haka take ba? Makaniken garaj kuma ba ya taɓa motar sai da izininsa. In na yi magana aikin ya tafi, in na yi shiru wata rana ta mace mini a daji da mutane.

Sai na koyi riƙe ta da ƙafa. A tasha ba na fita, ta taga nake karɓar ƙosai. Wasu ke ɗaure mini kaya. Fasinjoji suna tsokanata: "Direba, zazzaɓi take yi ne? Ka kai ta likita mana!" In yi murmushi. Da yamma a ajin karatun manya, ina riƙe da alƙalami, ƙafata tana danna ƙasa ita kaɗai.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya ce in sauke shi can, ya zauna gaba. A bakin kasuwar amalanken shanu ya tare hanya, muka tsaya. Ƙafata ta yi tsami, ga shi kusa da ni yana jan carbi. Na ɗaga ƙafar kawai.

Mota ta girgiza har hularsa ta karkace, ta yi tari, ta mutu. Ya daɗe yana kallon takardar nan, sannan ya ɓanɓare ta da farce.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina, Baba."

"Kuma a cikinta kake ɗaukar mini jikoki?" Ya gyara hularsa. "Nemo masu tura mu garaj."

Makanike ya jona na'urarsa, sannan ya tayar da injin ya kara kunne. Akwai wani siririn huci. Tiyon iska ne ya tsage ta ƙasa, iska na shiga inda bai kamata ba, shi ya sa injin yake rawa. Ya canza tiyon, ya sa sababbin buji, wato fulogi, ya wanke maƙogwaron injin, ya kashe fitilar. Ta tashi tana numfashi a hankali, ni kuwa na fito na tsaya a gefenta, ƙafafuna biyu a ƙasa.

Da ina yaro na ɗauka mai tulun nan wawa ne. Da na girma na ce mai haƙuri ne, har na so in yi kama da shi. Yanzu sarkin nake tunawa. Ba mugu ba ne, bai dai taɓa ganin ɗigon ruwa a ƙasa ba. Alhaji bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka, har yau ina durƙusa masa. Amma da aka rufe bonet ya miƙa mini makulli, yana kallon wani gefe, ya ce, "In fitilar nan ta sake kamawa, ka bar ta ta faɗa mini da wuri."