Baƙin da Souleymane Bai Sallama Ba

An haifi Souleymane a Karantina, wata unguwa ta Jidda, a shekarar 1975. Mahaifiyarsa, Mastura, 'yar Damagaram ce da ta zo aikin hajji ta zauna, tana yi wa gidajen Larabawa wanki da guga. Tana da wata sana'ar kuma, wadda ba a faɗa a waje. In iska ta taɓa mace sai a kawo mata, ta kifa ƙwarya a ruwa, ta yi waƙar kiran mutanen ɓoye su sauko a ji buƙatarsu. Souleymane yakan laɓe a bakin ƙofa yana saurare, ita kuwa da ta hango shi sai ta aike shi sayen burodi. Farkon waƙar kawai ya taɓa ji. Ta rasu yana ɗan shekara sha shida.

A 1996, yana gyaran rediyo da lasifika a wani shago a unguwar Bagdadiyya, wani ɗan ƙasar Filifin ya manta kaset a cikin rediyonsa. Kiɗan rok ne mai tsauri, jita na kuka, mawaƙi na tsaga maƙogwaro. Kafin shekara ta ƙare Souleymane ya haɗa ƙungiya: Abdulwahid ɗan Cadi a kan jitar lantarki, Rafi'u direba, Bahaushen Sudan, a kan ganguna. Suka sa mata suna Tsatsa, don raɓar Jidda kan cinye tsirkiyar jita cikin mako biyu. A lokacin ba a yin irin wannan kiɗa a fili, saboda haka suka samu tsohuwar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin wani gida a Balad, tsohon garin Jidda. Can suke sauka tsakanin azahar da la'asar, kasuwa na rufe.

Shekara biyu ba wanda ya kula su. Muryar Souleymane siririya ce, har Rafi'u yakan ce da ya bar sauro ya karɓi aikin. Rannan baiti ya ƙare masa a tsakiyar kiɗa, sai ya jefa waƙar mahaifiyarsa. Abin da ya fito daga bakinsa kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti. Abdulwahid ya waiga ya duba ko wani ne ya shigo.

Wannan muryar ce ta yi musu suna. Kaset ɗinsu ya bi hannu hannu har Makka da Madina, suka yi wasa goma sha ɗaya a gidajen shaƙatawa na bayan gari, ƙofa a kulle. Sai dai duk wanda ya kasa kunne yakan ji kiɗan ƙwarya a ƙarƙashin gangunan, alhali ba su taɓa shiga da ƙwarya ramin ba. Hannun Rafi'u kuma ya daina tsayawa. Yana kaɗa sitiyari, yana kaɗa gwiwa a zaman tahiya, yana kaɗa gefen faranti har abinci ya huce. Ya rame, yatsunsa suka tsattsage. Kafilinsa, Balaraben da ke riƙe da takardun zamansa, ya ce in abin bai bari ba zai mayar da shi Sudan.

A watan Maris na 2002 Souleymane ya kai wa Inna Lubabatu kaset ɗin, ƙanwar mahaifiyarsa mai sayar da gyaɗa a Karantina. Ta saurara har ƙarshe, tana jiran wani abu da bai zo ba.

"To, wa ya sallame su?"

Ya ce bai san ana sallama ba.

"Ɗan Mastura, wanda ya kira baƙo shi ke raka shi ƙofa. Shekara huɗu kana tara su a rami, ka haye sama abinka. Sun rasa hanya, suka kama hannun bawan Allah."

Ta koya masa baiti huɗu na rufewa, ta kuma gaya masa in sun tashi, duk abin da suka zo da shi za su tafi da kayansu. Bai tambaye ta mene ne ba. Ya sani.

Kwana goma sha tara yana jan ƙafa. Ran na ashirin ya tarar da Rafi'u ya kasa kai kofin shayi bakinsa, yana dariya don kunya. A ranar bayan azahar suka sauka ramin, Inna Lubabatu ta zauna a kan matakala. Suka yi waƙar tun daga farko, muryar ta fito fiye da kullum, sannan ya ɗora baitoci huɗun. Rafi'u ya yi atishawa sau uku, sandunan suka faɗi, hannuwansa suka kwanta a cinyarsa. Souleymane ya ce, "Halas, an gama," da tsohuwar siririyar muryarsa.

Tsatsa ba ta ƙara wasa ba. Rafi'u ya ci gaba da tuƙi, Souleymane ya koma kan lasifikokin mutane. A 2012 Bayamanen da ke gadin gidan na Balad ya kawo rediyo gyara. Cikin hira ya ce tsakanin azahar da la'asar yakan ji wani na waƙa a ƙasa, da murya kamar jan ƙofar ƙarfe, ramin kuwa an toshe shi da bulo tun tuni. Souleymane ya tambaye shi ko waƙar kan kai ƙarshe. Mutumin ya ce tana kaiwa, har da wasu baitoci masu sanyi, daga nan sai shiru.

Ya ɗaure rediyon ya miƙa masa. Tun daga ranar, in aiki ya kai shi Balad da rana, ta bayan kasuwa yake zagayawa, kada ya bi ta ƙofar gidan.